Ƙanena, kafin ka haɗiyi ƙwaya ko ɗaya

Salam ƙanena. Na karanta tambayarka har ƙarshe, ka ce shekararka 23, tun kana yaro kake jin kamar kai ba namiji ba ne, yanzu wani ya ce akwai ƙwayoyin da za ka sha jikinka ya koma na mata kuma kana son farawa ka tafi Legas. Ba zan zage ka ba wallahi, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Gombe kuma na ga isassun masu irin damuwarka da ya sa na san ba wasa kake ba.

Ƙwayar nan da ake ce maka galibi ta tsarin iyali ce, ta mata, ana saye a kemis ba likita ba awon jini. An taɓa kawo mana wani saurayi ƙafarsa ɗaya ta kumbura suntum tun daga gwiwa, tana zafi kamar an ɗora mata garwashi, sai da ƙyar bayan mahaifiyarsa ta fita ya ciro katin ƙwayar daga aljihu ya nuna min yana kuka. Jini ne ya daskare a jijiya, kuma in gudan jinin nan ya ɓalle ya tafi huhu mutum na iya faɗuwa nan take, haɗarin ya fi yawa ga mai shan sigari. Sannan nono in ya fito ba ya komawa sai da tiyata, haihuwa ma tana iya tafiya ba ta dawo ba. Ka ga kaya kana iya canzawa gobe, suna ma haka, amma waɗannan a'a.

Abin da nake roƙonka shi ne ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka tsakani da Allah, jikin ne ba ka so ko kuwa abin da ake ɗora wa namiji? Don akwai yaron da aka taso ana ce masa ɗan daudu saboda muryarsa siririya ce ko ya fi son zaman kicin da ƙwallo, ana dukansa ana masa dariya a layi, har ya gaji ya ce to tunda ban iya zama namijin da suke so ba ƙila ni mace ce. Akwai wanda wani babba ya ci zarafinsa yana ƙarami bai taɓa faɗa wa kowa ba, ya tsani jikinsa tun daga ranar. Akwai kuma wanda duk ba wannan, ba a masa komai ba, abin yana nan daram tun yarinta. Ba ni zan ce maka wanne ne kai ba, amma kowanne hanyar taimakonsa daban, kuma wanda ke tura maka bidiyo a TikTok bai tambaye ka ko ɗaya ba.

Ka fara da awo. Wasu mata-maza ne ba su sani ba, na ga wadda aka raina a mace ta kai 16 ba al'ada, murya na buɗewa, hoton ciki da awon jini suka nuna abin da ke akwai. Wannan fiƙihu ya san da shi, khunsa, har rabon gadonsa malaman Malikiyya sun tsara, kuma malamai ba sa hana masa gyara. Amma canza lafiyayyen jiki malamanmu haramtawa suke, kuma tunda ka ambaci sallah a tambayarka kar ka tsallake wannan kamar babu, zai biyo ka har Legas ɗin.

Kai ba mahaukaci ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta cire wannan daga jerin taɓin hankali a 2019. A ƙasashen Turai akwai manyan da suka canza suka samu natsuwa, akwai waɗanda suka yi nadama, Ingila kanta a 2024 ta daina bai wa yara maganin tsayar da balaga bayan binciken wata likitar yara, Dakta Cass, su da ke da likitocin abin kenan.

Kuma don Allah ka kula da wanda kake buɗe wa ciki. Dokar 2014 tana nan da ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, a Oktoban 2023 Sibil Difens sun kama mutum 76 a garin nan bisa zargin shirya auren jinsi, mutane ba sa tsayawa bambance me ke zuciyarka da me ake zarginka, ga masu karɓar hotonka a Facebook su dawo suna tatsarka kuɗi.

Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, akwai a na ATBU Bauchi in kana tsoron haɗuwa da idon sani. Ka ce musu ba ka barci, damuwa ta maka yawa, sauran maganar ka riƙe har sai ka natsu da likitan. A tambayarka ka rubuta cewa wani lokaci kana jin gara ka mutu, wannan layin ya fi komai tayar min da hankali, shi kam kar ka jira, ka je gobe da safe ka yanki kati.