Mai na tsiyaya ta saman injin Corolla, gam zan sa ko gasket zan canza?

Malam, yadda ka ce kana jin ƙaurin baƙin mai kuma gefen injin ya jiƙe, gasket ɗin murfin sama ne ya bushe, robar ta gaji da zafi, man ke gangarowa kan bututun salansa yana ƙonewa. Amma ka fara wanke injin ka tabbatar daga nan yake fitowa. Ciro koyil ma, wato abin da ke ba filogi wuta, ka leƙa ramin filogi, in akwai mai a ciki to shi ne.

In ka tabbatar gasket ɗin ne, canza shi za ka yi. Bari inji ya huce, cire koyil da wayoyi, kwance notunan da sifana lamba 10, ɗaga murfin a hankali, goge tsohon gam tas sannan ka zaunar da sabuwar robar a raminta. Gam kaɗan ake ɗigawa wajen da murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji, ba a lafta shi ko'ina, ni na taɓa laftawa sati biyu tsiyayar ta dawo. Ɗaurin kuma daga tsakiya zuwa waje, kar ka matse da ƙarfi noti ya karye maka.

In ka ga mai ya koma kalar shayi da madara, ko ruwan lagireto na raguwa, wannan kai wa bakanike kawai.