Kada ka zubar da farantin nan

Ka ce da ka taɓa kan tsutsar, maimakon ta ja da baya sai ta takure wuri guda, shi ne kake tambaya ko ciwo ne ya shiga farantin da kake kiwon tsutsotsin a ciki, ka zubar. Kul, ɗana! Lafiyarsu ƙalau, haka aka haife su.

Zauna gaban madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, ka fara da wadda ba ta da matsala. Wannan tsutsar, mai suna C. elegans, tsawonta milimita ɗaya ne, ƙwayoyin jijiyarta 302 kacal, amma dubi tafiyarta kamar ta maciji. Idan tsokar bayanta ta ɗaure, ta cikinta sai ta saki, daga nan su yi musaya. Sinadarin asetilkolin ke ba da umarnin ɗaurewa, GABA kuma na sakewa. Waɗanda ke hannunka ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace musu, ana kiranta unc-25, ita ke sa a haɗa GABA. Tun da babu mai cewa a saki, ɓangarorin biyu sai su ɗaure tare, tsutsar ta gajarce. Kashi ma wahala yake musu, shi ya sa ka ga cikinsu a kumbure.

Abin da nake so ya shiga hannunka shi ne yadda ake taɓa su. Manna gashin gira a tsinken sakace, ka shafa a hankali. Wata za ka shafa ta ko gezau, amma ka zungure ta da waya sai ta tafi. Wannan ita ce wadda ƙwayar gadon mec-4 ta lalace mata, shafa ce kawai ba ta ji. Mai garaje duk ɗaya zai ɗauke su, ni kuwa rashin haƙurin nan ya fi komai ɓata mini rai a aikin nan. Da irin wannan lura masanin kimiyya Sydney Brenner ya tsinto masu karkatacciyar tafiya a Kambirij ta Ingila, ya wallafa a 1974.

Kada ka tsaya a maganata, gwada. Haɗa masu takurewar da lafiyayyun maza. 'Ya'yan da mazan suka haifa duk za su yi tafiya daidai. Ware waɗanda ba maza ba a cikinsu, kowace a farantinta. Da yake mata-maza ne, za su hayayyafa da kansu. Bayan kwana 3 zuwa 4 a zafin digiri 20, ƙirga jikokin. In wajen ɗaya cikin huɗu na takurewa, ƙwayar gado ɗaya ce. Rubuta kwanan wata a gindin kowane faranti, domin murfi yakan musanye.