Kafin ka haƙa wa ƙaramar hukuma rami

Jiya muna dawowa daga kasuwa ka yi mini tambaya a kan babur, iska ta hana ni ba ka amsa. Ka ce, "Maigida, kansila da bakinsa ya ce mu fara kwalbatin hanyar garinmu gobe-goben nan, aikin miliyoyi, ka ce a dakata. Amma gyaran lambatun kasuwa da bai taka kara ya karya ba, ka karɓa hannu bibbiyu. Me ya sa?" Na san abin ya tsaya maka a rai, don ta wannan hanyar ake kai mahaifiyarka asibiti. Zauna, ɗana, in warware maka.

Kansila mutumin kirki ne, kuma da gaske yake son a yi kwalbatin nan. Amma ka ji abin da na tambaye shi: "Ranka ya daɗe, aikin yana cikin kasafin bana?" Ya ce za a sa shi. Wannan "za a" ɗin ita ta tsayar da ni.

Ka fara sanin inda kuɗin suke fitowa. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, jihar Kano kaɗai tana da 44. Duk wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi gaba ɗayansu 20.60, ga kuma kashi 35 da suke samu daga harajin VAT. Ƙaramar hukumar karkara irin tamu kusan da wannan kason take numfashi. Abin da take tarawa da hannunta kuɗin rumfa ne, da na tasha, da na kara ranar kasuwa, da na mayanka, kuma bai kai ya kawo ba. A zamanin kakanka, lokacin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, haraji da jangali ne suke cika Baitulmali. Gyaran 1976 ya kawo tsarin ƙananan hukumomin da muka sani, sannan da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano. Talaka ya huta, mahaifina har ya rasu yana sa masa albarka. Amma ka sani, yau ido yana kan Abuja ne.

To in kason ya sauko, kafin a zo kan magini akwai masu jira a gaba. Albashin malaman firamare, na ma'aikatan ɗakunan shan magani, na ma'aikatan sakatariya, fansho, kason masarauta. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Na yi murna, don na san abin da malamin firamare yake sha, sai dai daga tukunya ɗaya ake ɗiba. Ragowar ita ake kasawa tsakanin mazaɓu goma ko fiye, kowace da rijiyarta da ta lalace, da ajin da iska ta yaye wa rufi, da hanyar da ruwa ya cinye.

Kasafin kansa kashi biyu ne, yana tafiya daga Janairu zuwa Disamba. Akwai na ayyukan yau da kullum: albashi, man gireda, takardun ofis, ƙananan gyare-gyare. Akwai na manyan ayyuka, nan ne gurbin sabon kwalbati. Kowane aiki da layinsa, da lambarsa, da adadin da aka ware masa. Ma'aji yana da littafin da yake rage duk abin da aka kashe daga kowane layi. In aikinka ba shi da layi, ko ma'aji ƙanin mahaifinka ne ba shi da inda zai rubuta ka. Sai an yi ƙwarya-ƙwaryar kasafi, majalisar kansiloli ta zauna ta amince, kuma wannan ba aikin kwana biyu ba ne.

Ban koyi wannan a littafi ba. Shekarun baya, kai kana goye, wani shugaban ƙaramar hukuma, ba tamu ba, ya kira ni gidansa ya ce in yi masa kwalbati biyu, takarda za ta biyo baya. Na ci bashin siminti da rodi, na ɗebi leburori goma sha biyu, muka gama cikin mako shida. Kafin takarda ta fito aka rushe majalisar, aka kawo kantoma. Na je, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka duba fayil. Babu sunana, babu aikin. Ba zan ce ya zalunce ni ba, don bai ga abin da zai kama ba. Shanun nomana biyu na sayar na sallami leburori, saboda mai iyali da ya yini yana ɗaukar kwano a ka ba ruwansa da fayil. Har yau motoci suna bi ta kan kwalbatocin nan, ni kuwa sai bayan shekara uku na ga wani abu daga cikin kuɗina.

Shi ya sa ba na sa diga a ƙasa sai na riƙe takardar ba da kwangila da sunana da adadin kuɗi, da takardar ƙididdigar kayan aiki, da yarjejeniya da sa hannu. In akwai kafin-alƙalami, a rubuta nawa ne. In an gama, injiniyan sashen ayyuka ya zo ya auna ya ba da shaidar kammalawa, a buɗe bauca, wato takardar biyan kuɗi, odita ya duba, ma'aji ya sa hannu, shugaba ya amince. Kuma kada ka ɗauka adadin da ke kan takarda shi zai shiga aljihunka. Za a cire haraji, sannan a takardun da na saba sa wa hannu ana riƙe kashi 5 cikin 100 har wata shida, a ga ko aikin zai tsage. Duk wannan tun ranar da kake lissafi za ka sa shi a ciki.

Za ka ji ana cewa ai yanzu ƙananan hukumomi sun sami 'yanci. Gaskiya ne, ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ta kuma ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomi ba. Hukunci ne mai kyau, na daɗe ina fatansa. Amma kuɗin ba su fara sauka kai tsaye nan take ba, kuma ko sun sauka, aikin da babu shi a kasafi babu shi. Kai dai kullum ka tambayi ma'aji ta ina kuɗin aikinka za su biyo.

Akwai abu na biyu da ba ka lura da shi ba. Ka ga takardar lissafin da kansila ya zaro daga aljihu? Da tsohon farashi aka rubuta ta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin tifar yashi da tsakuwa ya tashi, a farkon 2024 kuwa buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Wanda ya karɓi aiki a tsohon farashi hanya biyu ce a gabansa, ko ya yi asara ko ya cuci kankare, kuma yawanci kankaren ake cuta. Kwaɓin da na koya maka, buhu ɗaya na siminti, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa, sai ka ga an mai da shi shida da goma sha biyu. Inda ya kamata a sa rodi mai kaurin milimita 16 a sa mai 12, a kuma buɗa tazararsa. A rage fukafukan da ke tare ƙasa a baki, a ƙi zuba daɓe a inda ruwa ke faɗowa. Ranar buɗewa an shafa farar ƙasa, kowa yana tafi. Ruwan Agusta na farko zai bi ta gefe ya rarake ƙarƙashi, motar hatsi ta hau, kankaren saman kwalbatin ya karye. A ranar ba wanda zai tuna da kasafi ko farashin siminti, cewa za a yi aikin wane ne. Kuma garin ya koma baya fiye da da, don a takarda an riga an yi musu kwalbati, sai su shekara biyar ba a sake waiwayarsu ba. In kuɗi sun gaza, ka ce a rage yawan aiki, a yi ɗaya mai kyau maimakon biyu. Siminti kam ba a taɓa shi.

Ga kuma lokaci. Yau muna tsakiyar Afrilu. Kankare yana son ban-ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. In muka yanke hanyar nan yanzu, kuɗi suka tsaya, ruwa ya sauka, mun raba garinku da asibiti ɗungurungum har kaka. Yanzu ko da wahala babur yana wucewa.

Lambatun kasuwa kuwa na ga layinsa da idona a cikin kuɗin gyare-gyare, shugaban sashen ayyuka ya nuna mini, takarda tana hannuna. Kasuwa ce ke kawo musu ɗan abin da suke tarawa, saboda haka ba sa wasa da biyan aikinta. Kuma kada ka raina gyara. Abin da ya fi ci mini rai a aikin ƙananan hukumomi shi ne kowa sabon gini yake so, wanda za a kafa wa allo. Yashe lambatu da toshe tsaga kafin damina ba mai ɗaukar hotonsa, alhali shi ke hana ruwa shiga rumfunan masu hatsi.

Kwalbatin garinku ba mu bar shi ba. Da kaka sassa suke tattara buƙatun kasafin baɗi, kafin lokacin nake so takardarmu ta riga kowa isa. Za mu auna faɗin kwarin da zurfinsa, mu tambayi tsofaffi inda ruwa yake kaiwa a shekarar da ya fi yawa, don shi zai nuna mana ko na bututu zai isa ko sai mai akwati. Ni a ganina sai mai akwati, baki biyu. Mu yi lissafi da farashin yau, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a sanar da hakimi, kansila ya kai sashen ayyuka, mu riƙe kwafi. Don daminar bana kuma, ka yi wa samarin garinku magana a yi gayya ranar Asabar, a jera duwatsu da buhunan ƙasa a bakin da ruwa ke ci, ni zan zo in nuna inda za a sa.

Gobe bayan asuba ka zo da tef da igiya da littafin nan mai baƙin bango. Kai za ka yi awon, kai za ka rubuta lissafin, ni in duba.