Wata Goma Sha Ɗaya Ƙanena Yana Jiran Shari'a

Tambaya: Barista, ƙanena yana gidan gyaran hali wata 11 ke nan, bisa zargin fashi da makami. Duk ranar zama a kotun majistare sai a ɗage, a ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Mahaifiyarmu har ta kwanta ciwo. Ina mafita? Daga wata baiwar Allah a Azare.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Ku daina zuba ido ga kotun majistare, domin ba ta da hurumin sauraron shari'ar fashi da makami. Ajiye shi kawai aka yi a hannunta. 'Yan sanda ne za su tura fayil ga Daraktan Gabatar da Ƙara na ma'aikatar shari'a, shi kuma ya duba ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babbar Kotu ko a sallame shi. A wannan tsakanin ne mutane ke daɗewa. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba.

Don haka aikin farko shi ne gano inda fayil ɗin yake. Lauya ya rubuta wa ma'aikatar shari'a a Bauchi, ya ambaci lambar ƙara da ranar kamu. Wani lokaci za a tarar fayil bai ma bar teburin ɗan sanda mai bincike ba, musamman idan an yi masa canjin wurin aiki.

Sai batun beli, kuma a nan ba zan yi miki daɗin baki ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ke tsare, idan aka yi wata 2 ba a yi masa shari'a ba, a sake shi ko da bisa sharaɗi. Amma sashen da kansa ya cire laifin da hukuncinsa kisa ne, fashi da makami kuwa yana ciki. Wannan bai rufe ƙofa ba. Babbar Kotu tana iya ba da beli idan aka nuna mata dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani ko jinkirin da ya wuce misali. Wata 11 babu takardar tuhuma abu ne da alƙali zai saurara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi tasu a kan tsarinta, ta sa umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, sai an kawo dalili kafin a sabunta. Lauya ya duba dokar jihar ya ga sau nawa aka sabunta nasa, kuma da wace hujja.

Akwai kuma ziyarar da Babban Jojin jiha kan kai gidajen gyaran hali, inda yake da ikon sallamar wanda aka tsare fiye da kima. Ku nemi a sa sunansa cikin waɗanda za a duba.

Idan babu kuɗin lauya, hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta, wadda ake kira Ligal Eid, tana da ofishi a Bauchi. Ku je da kwafin umarnin tsarewa da takardun asibiti idan yana da ciwo. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya "fito da fayil", kada ku ba shi ko sisi.