Ga mai tambaya kan mijinta likita da ke son shiga soja

Salamu alaikum. Ƙanwata da kika ce maigidanki yana tsakiyar koyon tiyata kuma ya kafe sai ya cike fom ɗin soja, ki hana ko ki ƙyale, wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, don wannan ruwan na sha shi har na ƙoshi.

Nawa a ABU Zariya ya yi karatu, ya shiga soja muna da aure, aka kawo mu barikin Shadawanka nan Bauchi. A 1998 aka tura shi Saliyo cikin ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ina da ƙaramin ciki. Ranar 6 ga Janairu 1999, ana cikin azumi, 'yan tawaye suka afka Firitawun, babban birnin Saliyo. Ki tuna lokacin ba wayar hannu, sai 2001 ta zo, rediyo ne kawai, na rungume shi ina jin BBC safe da dare ko abin buɗa-baki ba ya wuce min maƙogwaro. Sai wani ya zo ya ce wai ya ji an kashe wani likitan soja. Wai fa! Ko Sallah ba a yi ba yayan maigidana ya taso daga ƙauye, bai ce min sannu ba, bai tambayi cikin da nake ɗauke da shi ba, makullin mota ya fara nema da takardun fili, wai kar dukiyar ɗan'uwansa ta salwanta a hannun mace. Ina durƙushe ina cewa Yaya a bari a tabbatar tukuna, ya ce ba da ni yake magana ba. Ya tafi da motar ina kallo. Na haihu ba miji ba mota, maƙwabciyata matar wani saje ce ta kai ni asibiti cikin dare. Da Dokta ya dawo da ransa mutumin nan ko kunya, har da cewa ajiye masa ya yi. Na yafe don Allah amma har gobe in na gan shi wajen biki sai gabana ya faɗi.

To shi ma wanda ya dawo ba wanda ya tafi ba ne. Ya daɗe ba ya barci, ya ce yaran da aka datse wa hannu yake gani. Amma hannunsa kam ya faɗa, wannan ba zan ɓoye ba. Can ya koyi cewa raunin harsashi ba a ɗinke shi nan take, sai a yanke mataccen nama a bar shi a buɗe wasu kwanaki, in an yi gaggawa ruɓewa yake. Da ya yi ritaya, yaran da taifod ta huda wa hanji, masu gwaiwa, masu maƙoƙo, 'yan hatsarin hanyar Jos, duk wajensa ake kawowa.

Hana shi ba za ki iya ba, kar ma ki ɓata bakinki. Amma ki lallaɓa shi ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe ya zama konsoltan, wato babban ƙwararren likita, tukuna, nawa bai gama ba ya shiga, sai ga waɗanda ya koya wa ɗinki sun riga shi. Kuma ki gani da idonki sunan wa ya rubuta a wajen magaji, kar ki ji kunya, kunyar ce ta ci ni. Kar ki bar aikinki ko da koyarwa ce a firamare. Ki kama matan bariki da hannu biyu, sun fi dangi amfani ranar wuya. Yanzu ma Maiduguri ce ba ƙetare ba, ga waya, amma fa in ya kwana biyu bai ɗaga ba kar ki kira uwarsa kina kuka, yana tiyata ne ko ba sabis.

Shekara nawa ta rage masa ya gama ne ma? Ba ki faɗa ba.