Auna ido kafin aikin yanar ido

Tambaya: Likita, wace na'ura ce ta fi dacewa wajen auna ido kafin a cire yana a dasa gilashin roba?

Amsa: Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya, domin kuskuren milimita 1 kan jawo saɓanin kusan dayofta 2.5 zuwa 3 (dayofta ma'aunin ƙarfin gilashin ido ne), wanda ke tilasta wa mutum sa tabarau bayan aiki. Na'urorin IOLMaster 500 da Lenstar LS 900 suna aunawa da haske ba tare da taɓa ido ba, kuma sakamakonsu yakan zo kusa da juna. Amma idan yanar ta yi kauri, a ganina IOLMaster 700 ta fi, saboda haskenta ya fi ratsawa. Idan ta gaza, sai a koma ga na'urar da ke auna ido da sauti (ultrasound).