Yadda za ki tallafa wa ɗanki a darasin kimiyyar sinadarai

Baiwar Allah, kin ce ɗanki mai shekara 16 ya fara ja da baya a kimiyyar sinadarai tun da ya shiga manyan azuzuwan sakandare, ke kuma ba fanninki ba ne. Shawarata ita ce ki fara gano inda gizo ke saƙar, domin sau da yawa lissafi ne ke kayar da ɗalibi, ba sinadaran ba.

Ki duba ko ya fahimci ma'aunin mol, wato ma'aunin da ake ƙidaya ƙwayoyin sinadari da shi, wanda yawancin lissafin darasin ya dogara a kansa. Mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, kuma nauyin mol ɗaya na ruwa giram 18 ne; idan ya kasa gaya miki cewa giram 36 na ruwa mol 2 ne, to nan ya kamata ya koma, ko da ajinsu ya daɗe da wuce wurin. Lissafin pH ma, wato ma'aunin ƙarfin asid a cikin abu, ba ya yiwuwa sai ya iya logaridim, wanda ake koyarwa a darasin lissafi.

Ki sa ya riƙa warware tambayoyi da biro kullum, ko na minti 30 ne, sannan ya yi miki bayanin kowane mataki da bakinsa. Duk inda ya fara kame-kame, ku rubuta, ya kai wa malaminsa washegari.